Tsahara da Ƙwayar da Ba a Rabawa

Kullum bayan sallar asuba Malama Tsahara kan share ɗakin shan magani na ƙauyenmu, kusa da Tajaye, ta shimfiɗa tabarma ga matan da ke jin nauyin faɗar abin da ya kawo su. Ba ta gaggauta kowa. Da hira take kai mace ga nuna ƙullutun da ta ɓoye a mama tun bara.

Haka ta yi da Delu, mai ƙosai. Ta raka ta asibitin birnin Yamai, aka tabbatar ciwon daji ne, aka yi aiki, aka ba ta ƙwayar sha kullum. Tsahara ta fahimtar da ita cewa a cikin ƙwayoyin jiki akwai wani furotin mai kai saƙon su hayayyafa ko su dakata. Nata ya zama mai shelar da ba ya yin shiru, maganin kuwa bakinsa yake rufewa.

Sai dai mu, abin da muke ci ba ma hana ɗan'uwa, har magani. Da Tsahara ta ga ƙwayar na ƙarewa kafin lokaci, ta bi sawu, ta tarar Delu na raba ta biyu da ƙanwarta Naja'atu, wadda ita ma ƙullutu ya fito mata. Hankalinta ya tashi, don rabin magani na iya maido wa Delu da ciwon.

"Malama, in sha ni ɗai, ƙanwata na kwance?" in ji Delu.

"Yaya Delu, ciwon suna guda gare shi, amma mai shelar ba guda ba na. Sha naki duka, ki bar mini ƙanwarki."

Ta kai Naja'atu awo. Nata wani iri ne, wanda ƙwayar ba ta taɓawa, kuma ya riga ya yi nisa. Ta rasu bayan girbi, Allah ya jiƙanta. Abin ya yi mana ciwo ƙwarai.

Tsahara, ke ce kika zauna makokin, ba ki ce wa kowa "da na faɗa" ba. Uwar masu jin kunya, yau da kike ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Masu tasowa, ku koyi haƙurinta. Delu na nan da ranta, tana suya. Duk macen da ta roƙe ta ƙwaya, sai ta sauke kasko, ta kama hannunta, su tafi awo.