Laraba Ta Dawo Daga Dabaga

Bahago, Allah ya jiƙansa, mai gyaran moto ne a unguwar Dagmanet. Amma rabin Agadez da muryarsa suka san shi, don shi ne Ɗan Lami mai garka a teyatur, wasan kwaikwayon da wani gidan radiyon gari ke sakawa kowace Alhamis tun muna samari. Matarsa ta aure, Ramata, ita ce Laraba, matar Ɗan Lami. Faɗan da suke yi a radiyo kan gishirin miya, daga gida suke zuwa da shi.

Da Ramata ta rasu, Bahago ya roƙa kada a sa wata a madadinta. Aka yarda, Laraba ma ta mutu a labarin. Tun daga nan, duk fitowar Ɗan Lami da "Allah ya jiƙan Laraba" yake buɗe baki, masu shayi da mata a madafa su amsa da amin. Ya taɓa gaya mini amin ɗin nan ce ke riƙe da shi, tunda Allah ya san wadda ake nufi.

Shekaru suka ja, rubutun wasan ya koma hannun wani saurayi, Nasser. A ganinsa labarin ya yi sanyi, gidan Ɗan Lami ba mace. Sai ya rubuta cewa Laraba ta dawo daga Dabaga, dama ganin dangi ta je. Har an samo yarinya mai zaƙin murya.

Bahago ya je ya same shi, hannu duk baƙin mai. Nasser ya ba shi kujera, ya ce ai wasa ne, ko a finafinan waje jarumi kan mutu ya dawo.

"Ɗana, gari guda ya yi mata addu'a," in ji Bahago. "Amin ɗin mutane fa, ina za ka kai ta?"

"Baba, wallahi ba mai tunawa."

Haka kuwa aka yi. Ba wanda ya je ya ce uffan, har ni. Bahago ya ƙi shiga wasan, aka ba wani Ɗan Lamin.

Bai daina kunna radiyon ba. Ran Alhamis yakan ajiye kayan aiki, ya saurari baƙuwar muryar sabon Ɗan Lami tana hira da Laraba, ya yi addu'arsa a hankali, ya ɗan jira. In ina wurin nakan amsa masa. Ba kullum nake wurin ba.

Bara da damina ya rasu. Alhamis ɗin da ta biyo, Ɗan Lami da Laraba suna can suna faɗa kan gishirin miya.