Kumburin Leɓen Gwadabe

Gwadabe mai sayar da itacen rufi ne a kasuwar Katako, jikan waɗanda haƙar kuza ta kawo Jos. Mutum ne mai fara'a, sai dai da saurin yanke hukunci. Tun yana saurayi yake cin abincin rana a wajen Alimot, wata Bayarbiya mai sayar da amala da miyar agushi a bakin layinsu.

A shekarar 2004 aka gano yana da hawan jini, aka ɗora shi a kan wata ƙwaya kullum da safe. Jini ya sauka, hankalinsa ya kwanta. Bayan watanni, ran nan ya gama cin abinci sai leɓensa ya kumbura suntum, ba ƙaiƙayi ba ƙuraje. Da kansa kumburin ya sace. Da abin ya sake dawowa, sai ya je ya tsaya a gaban tukwanen Alimot.

"Iya, me kike zuba mini a miya?"

"Alhaji, abin da kake ci shi 'ya'yana ke ci."

Bai saurare ta ba. Magana ta zaga kasuwa, wasu har da cewa sammu ne. Masu ciniki suka janye, Alimot ta kwashe tukwanenta ta bar kasuwar.

Duk da haka kumburi bai fasa ba. Ranar da ya kama harshensa har numfashi ya fara gagara, matarsa Hassana ta kai shi asibiti a guje. Da ya samu sauƙi, likitar, Ulonma, ta duba magungunansa.

"Ba abinci ba ne, Baba, wannan ƙwayar ce," in ji ta. "Akwai sinadari a jiki mai buɗe jijiyoyin jini. Maganin yakan hana jiki rushe shi. A wasu mutane sai ya taru, ruwa ya tsiyaye cikin tsoka. Yakan daɗe kafin ya nuna."

Aka canja masa magani, kumburi bai ƙara dawowa ba.

Ya bi shaguna ɗaya bayan ɗaya yana gaya wa mutane gaskiyar magana. Sannan ya hau mota zuwa Bukuru wajen Mistura, 'yar Alimot. Ta ce Iya ta koma Ogbomosho da zama. Ya roƙe ta ta kai saƙon neman gafara.

"Zan faɗa mata, Alhaji," ta ce, ba ta ɗago kai ba.

Ya koma Bukuru a kai a kai yana tambaya ko amsa ta zo, har Mistura ita ma ta tashi daga unguwar.