Daga Miri Zuwa Gubi da Hannu Mai Rawa

A zamaninmu ciwon sukari na masu furfura ne. Yau ga shi a jikin jikata Asabe, 'yar shekara tara, wadda uwarta ta rasu ta bar mini. Ni nake yi mata allura kafin kowane abinci, hannuna kuma ya fara rawa. Ranar da ya ƙi, babu wani a gidan da zai yi mata.

Miri, ƙarfe 5:40

Bayan sallar asuba muka hau babur, maganin a naɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle saboda zafi. Na je Kartum, na je Kumasi, ban taɓa fita da nauyin zuciya irin wannan ba.

Cikin gari, ƙarfe 6:25

Muka shiga keke.

"Baba, Gubi da sassafe? Jami'a za ka kai ta?" in ji direba.

"Taron yara masu sukari."

"Yarinya da sukari? Sai ta rage alawa."

Na gyara naɗin ƙyallen maganin a cinyata.

Gubi, ƙarfe 7:10

Aka ware yara gefe, iyaye ƙarƙashin rumfa. Duk mata ne, sai ni. Na ci ƙosaina a ƙarshen benci.

Da hantsi wata mata, Maman Rifkatu, ta zo riƙe da Asabe, ta nuna mini kullutu a damtsenta.

"Baba, kullum nan kake soka mata?"

"Nan ne ba ta kuka."

"Ai naman ya yi tauri, magani ba ya shiga sosai. Ni ma haka na yi wa tawa, sai da likita ya yi mini faɗa."

Shekara biyu ina zaton tausayi nake yi.

Kafin abincin rana na ɗauko allura. Rifkatu, sa'ar Asabe, ta tuntsire da dariya.

"Kaka ne yake miki? Ke jaririya ce?"

Ta ɗaga gefen riga ta yi wa kanta allura a ciki. Asabe ta karɓi allurar daga hannuna, wata nas tana tsaye a kanta. Ta runtse ido.

"Buɗe ido, malama!" in ji Rifkatu.

Ta buɗe, ta soka.

Komawa, ƙarfe 5:15

A keke ta yi ta ba ni labarin Rifkatu, ni ina kallon hanya. Muka isa Miri ana kiran magariba. Na gode wa Allah, na gode wa Maman Rifkatu da 'yarta. Tun ranar Asabe take yi wa kanta allura, ba ta ƙara kirana ba.