Zanen da Aka Manta a Ƙasan Adudu

Lokacin sanyi ne, shekarar da Kaka ta zo mana ziyara daga Damagaram ta ƙi komawa. Shekara ce mai daɗi. Rumfar Baba a kasuwar Assihar ba ta rabuwa da masu saye, gidanmu kuma ba ya rabuwa da ƙamshin shayi. Sanyin Tamanrasset ne kawai Kaka ta kasa yafe wa. Da an idar da magariba sai ta ja kaskon gawayi gabanta, mu kewaye ta, ni da ƙannena biyu.

“Mai gyangyaɗi ya yi abinsa tun yanzu,” haka take farawa. “Tatsuniyata ba ta jiran kowa.”

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wata mata mai adudu, wato kwandon ajiye tufafi mai murfi, zurfinsa har ƙugu. In ta wanke zane sai ta ninke ta ɗora a sama, gobe kuma shi hannunta zai fara taɓawa. Zanen sama ya je suna, ya je biki, ya dawo yana cika sauran da labari. Can ƙasa kuwa akwai wani baƙin zane na rini, ya fi kowa tsada, amma tun da aka sa shi bai ƙara ganin rana ba. Shi ba mai ƙorafi ba ne, sai ya yi shiru. Rannan Gara ta ɓullo ta gindin adudu ta yi sallama. Zane ya yi murna, ya samu abokiyar hira. Ranar Salla matar ta tono shi, ta ɗaga, sai ga ta tana hango kasuwar garin ta cikinsa.

“To, laifin wa?” in ji Kaka.

Muka haɗa baki muka ce na Gara.

“Ku bar Gara, ita kaɗai ta gaishe shi.”

Daga nan sai ta buɗe mana jakarta. Zannuwanta ba a ninke suke ba, a naɗe suke, a tsaye jere kamar kwalaben mai. “Kowa ya tsaya da ƙafarsa, in na buɗe in ga kan kowa,” ta ce. Mu dai dariya muka yi, mun ɗauka fariya take mana.

Na girma, na yi aure a garin nan, na haifi uku. Bara Malam, mai gidana, ya sayo mini komod, wato durowar ajiye kaya, mai aljihu uku, kowanne in na zura hannu sai ya kai gwiwar hannu. Don murna na tula kayan yara duka a aljihun tsakiya, wani kan wani.

Da sanyi ya kama sai Rakiya, ta tsakiyarsu, ta fara tari. Yarinya ce marar hayaniya. Wata yamma ta dawo daga lekkol, wato makarantar boko, da riga shara-shara, leɓenta ya bushe.

“Rakiya, ina rigar sanyinki?”

“Tana can ƙasa, Inna.”

“Me ya hana ki ɗauko?”

“In na tono, kaya za su watse, Yaya Hadiza ta yi faɗa.”

“Tun yaushe?”

“Tun da aka fara sanyi.”

Na zauna bakin gado. Ashe ba zancen zane kaɗai Kaka take yi ba. Hadiza babba ce, tana da baki. Auta kuma kuka yake har a ba shi. Kullum su hannuna ke fara taɓawa, mai shirun kuwa na ɗauka ba ta rasa komai ba.

Da safe na karɓo kwalayen dabino guda uku wurin mai shagon bakin titi, na yanke su daidai zurfin aljihun, na jera a ciki. Na naɗe kowace riga na tsayar da ita. Safa da huluna na ba su ƙaramin kwali a gefe. Na Rakiya na sa a gaba, inda ido ke fara sauka. Sannan na ɗauki biro na rubuta sunan kowa da rubutun da na koya a makarantar yaƙi da jahilci.

Rakiya ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

“Inna, sunana ya karkace.”

Na ce ta sa rigar tukuna, sannan ta zo ta gyara mini.