Bikin da Radiyya ta Kai Intanet

Radiyya maƙwabciyata ce a Hadejia, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun da na san ta kifi banda take sayarwa. Tarwaɗa da karfasa take sarowa daga Auyo, ta kakkaɓe, ta jera a kwali. Mace ce mai sakin hannu, sai dai ga kafiya. Abin da duk unguwa ta san ta da shi shi ne biki. In kin kai mata turmin atamfa ranar sunan ɗanta, ranar naki biyu za ki gani. Amma ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta buɗe baki ta ce a rama mata ba. A wurinta wannan zubar da mutunci ne.

Bara ta ɗauko abin da ya hana mu sukuni, ita da ni. Matan Auyo masu banda, waɗanda wata dattijuwa Inna Hajo ke jagoranta, sun gaji da dillalin da ke sayen kifinsu a wulaƙance. Radiyya ta ce su ba ta, za ta nemo masu saye kai tsaye daga Kano da Abuja ta intanet. Suka yarda, suka sallami dillalin, har da guzurin baƙar magana. Kwalaye suka yi ta zuwa a bayan babur har ɗakin ajiyarta ya cika.

Haris mai shagon kwamfuta a bakin kasuwa ya buɗe mata shafi, da hotuna masu kyau da lambar wayarta. Aka kwana biyu, shiru. Ta ja ni muka koma wurinsa.

"Hajiya, shafinki sabo ne, ba wanda ya san shi," in ji Haris. "In mutum ya nemi kifin Hadejia, shafukan da wasu suka ambata su ake fara nuna masa. Sai wasu sun sa linkinki a nasu shafin, wato wurin da in an taɓa zai kawo mutum gare ki. Kamar shaida ce."

"To yaya ake yi su sa?"

"Wasu sai an biya su. Wasu kuma mutunci ne, ki sa nasu, su sa naki."

Radiyya ta gyara mayafi, fuskarta ta saki. "Ka ce mini biki ne mana, Malam Haris. Wannan ai gidana ka zo."

Kuɗin talla dama babu, ɗan abin da take da shi ya tafi a kwali da data. Sai ta zauna ta zaɓo mutanen da za ta kai wa biki: wata Shamsiyya mai koyar da girki a Kaduna, wadda shafinta ke da jama'a, da mai yaji a Kano, da mai man shanu, da wasu da dama. Haris ya jera su reras a shafinta. Ta dawo gida tana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Daga nan jira ya fara, kuma ban taɓa ganin jira mai cin rai irinsa ba. Hadari ya soma haɗowa daga gabas, shi kuwa kifi banda ba ya shiri da danshi. Kullum da safe sai ta shimfiɗa tabarmi ta baza kifin a rana, ido a sama, kunne a waya. Da an ga gajimare sai mu hau kwashewa a guje, ni da gwiwata mai ciwo. Kogi ya fara cika. Inna Hajo takan kira, Radiyya ta ce, "Ana nan ana ƙoƙari, Inna," ta ajiye wayar.

Na ce mata, "Ki aika wa mutanen nan magana. Ki ce su sa naki."

"Yaya Kulu, ni da bakina? Wanda ya san girma zai rama."

Haris ma ya faɗa mata haka, ta ƙi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kifin ba nata ba ne, gumin wasu mata ne da hayaƙi ya cinye musu ido. Na gaya mata hakan ba ɓoye-ɓoye, ta yi fushi ta daina leƙo ni.

Ita ce ta dawo da kanta, riƙe da wata babbar tarwaɗa. Ta karya ta a gabana. Ciki duk ya zama gari, ƙwari na ta yawo. Tsoro ya kama ni. A nan tsakar gidana ta zauna ta yi wa Shamsiyya saƙon murya. Ta gaishe ta, ta gaida mai gida da yara, ta tambayi ruwan Kaduna, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta iya furta abin da ya kawo ta.

Amsa ba ta daɗe ba. "Wallahi Anti ban san kin sa ni a shafinki ba. Wa zai gaya mini? Ai da kin faɗa da tuni na sa naki, ba ko sisi."

Muka kalli juna. A gida, biki a gaban jama'a ake kai shi, wata ta ɗaga atamfar sama ta faɗi sunan wadda ta kawo. Radiyya kuwa ta ajiye nata a inda babu idon kowa, ta koma tana jiran ramuwa daga mutanen da ko sunanta ba su taɓa ji ba. A ranar Shamsiyya ta rubuta yadda ake miyar kifi banda, ta sa linkin Radiyya a ƙasa.

Sai dai kafin a ga amfaninsa Inna Hajo ta iso, ta tsallako ruwa a kwalekwale. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta zauna ta tsince kifin ɗaya bayan ɗaya, ta ware wanda ya tsira, ta sa aka ɗaure. Ta ce za su je su ba dillalin haƙuri. Daga baya muka ji ya karɓa, bisa sharaɗin duk bandar shekarar tasa ce.

Ina wurin ranar da wayar ta yi ƙara. Wata mai gidan abinci ce daga Abuja, ta ce ta bi ta shafin Shamsiyya, kuma tana son kwalaye duk mako. Radiyya na tsaye a ƙofar ɗakin ajiya, babu komai a ciki sai warin hayaƙi.

"Hajiya, kifin ya ƙare," ta ce.

"To yaushe zan sake kira?"

Radiyya ta dube ni. Matar tana ta cewa, "Kina ji na kuwa?"