Dama da Hagu a Titunan Setapak

Shekarar da na gama digiri na biyu a Kuala Lumpur, sana'ar abinci muke yi ni da wani ɗan unguwarmu. Ya girme ni, Yaya nake ce masa tun muna Kano. Mukan tuƙa tuwo, mu kaɗa miyar kuka, mu zuba a robobi mu kai wa ɗalibai a unguwar Setapak. Shi ke tuƙa motar, ni ina gefe riƙe da wayarsa ina duba hanya.

Wata rana da azahar taswirar wayar ta yi magana da wani yare da ban sani ba. Ya ce Sifaniyanci ne, yana koya don ya riƙa jin abin da masu sharhin ƙwallo ke faɗa.

"Kashe muryar, kai ka riƙa faɗa min," in ji shi. "A la derecha dama, a la izquierda hagu. In miƙewa ce ka ce todo recto."

Kalmar hagun nan ta ba ni wuya, harshena ya ƙi ta. Ran nan na rikice na ce dama, sai ga mu a hanyar Gombak, tuwo yana hucewa, masu abinci suna ta kira, mu kuwa dariya har da hawaye. Abin ya shiga raina. In na koma ɗaki sai na nemo yadda ake cewa shataletale, ko fitilar hanya, in kawo masa washegari.

Ana cikin haka wata kwaleji a gida ta ba ni aikin koyarwa. Na shawarce shi muna shan shayi a shagon mamak, irin gidajen shayin nan na Indiyawan garin.

"Ina za ka, ƙanena? Mun kusa kama shagonmu. Ka bari a yi ƙaramar sallah ka gani."

Na ce wa kwalejin na gode, ba zan zo ba. Mahaifiyata ba ta so ba, na yi ta kare Yaya a waya har ta haƙura.

Bayan sallah, wata safiya na gama girki bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Na hau bas zuwa gidansu. Abokin zamansa ya buɗe ƙofa yana kallona.

"Ai na ɗauka kai ka raka shi filin jirgi."

Ashe ya tafi Valencia, can ƙasar Sifaniya. Wani surukinsa ya samo masa aikin tuƙin motar kai kaya, tun kafin azumi ake haɗa takardu. Har liyafar ban kwana suka yi masa a ɗakin. Na tsaya a bakin ƙofar ina tuna watannin da na yi a kujerar gefe ina shirya shi, ban sani ba.

Abincin ranar bas na riƙa hawa ina kai shi, rabi ya lalace. Na kira kwalejin, suka ce gurbin an ba wani.

Daga baya ya turo saƙo: "Ka yi haƙuri, nauyinka na ji." Ban amsa ba. Na kama aiki a wani gidan abincin Larabawa a Bukit Bintang, na ƙara shekara kafin na dawo gida.

Mahaifiyarsa tana shigowa gidanmu har yau. In ta tambaye ni ko muna gaisawa, nakan ce mata yana nan lafiya, in tashi in ba su wuri.