Harshen da Kakata Ke Yi wa Awaki

Gunaguni na ji daga kicin, kamar mutum na lallashin dabba. Da na leƙa, 'yata ce ta tasa kwamfuta gaba tana furta wasu kalmomi. Karatun da ya kawo mu birnin Greensboro a ƙasar Turawa ke nan: wai tono harshen da ya haifi Turanci da Jamusanci, wanda babu mai rai da ya taɓa jin sa. Ni da na gudu daga aji uku, na ja kujera na zauna kamar farfesa.

Ta ce jera 'ya'yan harshen suke yi, su duba yadda kowanne ke cewa uwa, ko tunkiya, ko ruwa, har su gano kamannin uban, kamar yadda ake ganin hancin kaka a fuskar jikoki. Wai shi ma uban yana da nasa uban, wanda zuriyarsa ta kai har Indiya.

Kun san abin da ya faɗo mini? Kakata. Daga kan dutse aka auro ta, kuma duk gidanmu babu mai jin yarenta. Da mutane Hausa take yi, a karkace. Amma da damina, idan an ɗaure awaki kada su shiga gona, sai ta zauna a turke da ciyawa jiƙaƙƙiya a cinya, ƙasa na ƙamshi, ta yi ta yi musu hira da harshen iyayenta. Ni da yayata mukan laɓe bayan rumbu, mu a dole kallo muka samu.

Na tambayi 'yata ko za ta iya tono mini wannan. Ta ce, “Baba, sai da abin gwadawa. Wa ya rage da yake ji?”

Yayata ta rasu bara. Ni kuwa kalma ɗaya tak ta maƙale mini, wadda Kaka ke faɗa idan ta miƙa ciyawa. Ko “zo” take nufi, ko “ci”, ko “'ya'yana”, ban sani ba.

Rannan muna cikin mota a hanyar garin Summerfield na hango awaki a wata gonar dawaki. Na sa aka tsaya, na je bakin shinge, na kira su da kalmar Kaka har sau uku. Ko ɗaya bai ɗago kai ba. Na dawo mota na ce wa 'yata awakin nan ma Turanci suke ji. Ta yi dariya, ni kuma na juya fuska wajen taga.